Daga Amshin Mutum Shida Zuwa Yatsun Mutum Ɗaya

Fuska ɗaya ta faifan garmaho ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Wannan ce iyaka ta farko da na'ura ta gindaya wa mawaƙin Hausa, mutumin da ya saba idan ya buɗe baki a ƙofar fada ko a filin biki ba ya rufewa sai ya ga jama'a sun ƙoshi. Dole ta sa ya koyi taƙaitawa, ya tsinci ɗiyan waƙar da suka fi nauyi, sauran kuma ya bar su sai an haɗu a fili. Amma ko a cikin wannan ƙunci, abin da ake ɗauka abu ne da ya riga ya rayu. An yi waƙar a gaban sarki, an yi ta a gidan biki, 'yan amshi sun haddace ta, makaɗa sun san inda ake sassautawa da inda ake zubawa, sannan daga baya aka zo aka tsaya gaban makirfo.

Yau abin ya juya. A situdiyo ake haifar waƙa, kuma sau da yawa takan tashe ta yi zamaninta ta kwanta ba tare da an taɓa yin ta da hannu da baki a gaban mutane ba. A ganina wannan juyi ne babban abin da ya sami kiɗan Hausa a cikin shekaru talatin ɗin nan, kuma har yanzu ba mu zauna mun auna ribarsa da asararsa yadda ya kamata ba.

Idan aka ce Musa Ɗanƙwairo, sunan mutum ɗaya aka kira, amma abin da kunne ke ji aikin jama'a ne. Ga masu kotso, ga mai kanzagi, ga 'yan amshin da ba maimaita gindin waƙa kaɗai suke yi ba. Sukan karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora tun bai dire ba su ƙarasa masa, su yi ƙari, su mayar masa, ya sake cillo musu. Haka yake a wajen Narambaɗa da sauran makaɗan fada. Irin wannan karɓeɓeniya ba a samunta sai mutane sun daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Mamman Shata kuwa wata hanyar ya bi: a tsaye yake ƙirƙirar yawancin zancensa, don haka masu kalangunsa sai sun riƙa karanta shi, su gane daga yadda ya ja murya cewa zai saki ɗan waƙa ko zai ƙara wani a kai. Ɗan Maraya Jos ne ya fita daban, shi da kuntiginsa kawai, kuma ko shi ɗin da hannunsa yake kaɗawa a lokacin da bakinsa ke rerawa.

Ƙungiya makaranta ce, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa. Yaro yakan shigo yana ɗaukar kayan kiɗa, ya koyi ɗaure fata da ɗame tsirkiya, ya shekara yana amshi daga baya-baya, sannan a miƙa masa ƙaramar ganga. Kafin a bar shi ya buɗe baki shi kaɗai, ya riga ya sha karin waƙa har ya zame masa jiki. Babu allo, babu takardar shaida, amma babu wanda ya fito daga wannan makaranta bai san lokacin shiga da lokacin yin shiru ba.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, waɗannan ƙungiyoyi suka sami ɗakin da za a adana muryoyinsu, ga kuma kamfanoni irin su EMI suna buga musu faifai. Yadda ake ɗaukar a lokacin ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa makirfo ɗaya ne ko biyu, saboda haka daidaita sauti da ƙafa ake yinsa. Injiniya zai fito ya ce wa mai babban kalangu ya ja baya taku biyu, ya matso da 'yan amshi su yi rabin da'ira, ya tsayar da jagora daf da makirfo, ya koma ya saurara, ya sake fitowa ya ce wane ya ɗan karkata. Idan aka kunna jar fitila, to an shiga ke nan. Wanda ya yi tuntuɓe a minti na goma, ko dai a haƙura da tuntuɓen ko kowa ya koma farko. Shi ya sa idan ka kasa kunne ga tsofaffin kaset ɗin nan kana jin ɗakin kansa: ɗan amshin da ya riga sauran shiga da ƙiftawar ido, sanƙiran da ya kasa daurewa ya yi kirari, kiɗan da ke ƙara sauri a hankali yayin da waƙa ke yin zafi. Babu wanda ya tsara wannan saurin. Jini ne ya hau, hannu ya bi.

Kaset ya zo ya kwance wa mawaƙi mari, ya ba shi minti talatin ko arba'in da biyar a fuska ɗaya, ya kuma kai waƙa kowace tasha da kowace rumfar mai shayi. Shi ne kuma ya koya wa kowa kwafa ba tare da mai waƙa ya ga ko kwabo ba. A wannan zamani ne Bala Miller ya riƙe ƙungiyar jita da ƙahonni a Kaduna yana waƙa da Hausa, har "Ikon Allah" ta shiga gidaje. Amma irin wannan ƙungiya ba ta yi saiwa a tsakanin Hausawan Najeriya ba. Jita ta zauna a otal-otal da kulob-kulob na Sabon Gari, kuma uba ba ya son a ce an ga ɗansa a can. Kalangu da kotso kuma ana yi musu kallon gado da roƙo. Ɗan malam ko ɗan attajirin da Allah ya ba murya sai ya rasa ƙofar shiga ta kowane ɓangare.

Fiyano ce ta buɗe masa ƙofa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya riƙa neman waƙa mai yawa, mai sauri, mai araha. Fiyanon Yamaha samfurin PSR ta shigo situdiyoyin Kano da sautuka iri-iri a cikinta, wasu na kama da sarewa, wasu da goge, wasu da ganga. Lokacin da waƙar fim ɗin Sangaya ta kama gari a 1999, shekarar da Shata ya rasu, an riga an gane cewa mutum ɗaya mai yatsu goma zai iya tsayawa a madadin ƙungiya sukutum.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin situdiyoyin da suka cika titin Gidan Zu a Kano ya san fasalinsu. Ɗaki ne ciki ɗaya an raba shi biyu da katako da gilashi, an manna wa bango soso ko kiret ɗin ƙwai, janareto na kuka a waje an ja shi nesa iyakar tsawon waya don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Mawaƙi ya zo da baitocinsa a littafi ko a waya. Ya rera gindin waƙar sau biyu, mai kiɗa ya lalubi karin a kan fiyano, ya zaɓi bugu daga cikin na'ura, ya saita saurinsa, ya ɗora bes, ya ɗora sarewa, ya yayyafa ɗan goge. Kafin shayi ya huce kiɗa ya tashi. Sai ya ce, "Malam, shiga ka ɗora murya." A rufe ƙofa, a kashe fanka, zufa na zuba, a riƙa ɗauka baiti-baiti, wani lokaci layi-layi. "Sake ɗauko shi daga sama." "Ja baya kaɗan, kana hura makirfo." Idan murya ta kauce wa kari, manhajar Auto-Tune ta janyo ta ta mayar. Daga baya, wataƙila washegari, mace ɗaya ta zo ta yi amshi, a ninka muryarta gida uku ta zama taro. Mai waƙar da mai amshin suna iya gama aikin ba su haɗu ba.

Ba na cikin masu raina wannan ɗaki. Daga cikinsa aka sami Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam Sangandale, matan da da wuya a ce za su bi ƙungiyar makaɗa gari-gari amma suka iya zuwa su yi aikinsu da rana su koma gida. A cikinsa Aminu Ala ya aurar da rubutacciyar waƙa mai ma'auni da kiɗan zamani. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da tsararrakinsu sun raini wani sabon kunne gaba ɗaya, sha'irai masu bege ma sun shiga sun sami rabonsu. Yaron da ba shi da gadon kiɗa, ba shi da ubangida, ba shi da kuɗin ciyar da mutum takwas, ya tara 'yan kuɗinsa ya fito da abin da ke ransa. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma wanda ya san yadda ƙofar take a rufe a da ba zai so a mayar da ita ba.

Inda nake da magana shi ne abin da ke biyo bayan ɗora murya. Akwai haɗa sauti, wato a ba kowane kiɗa da kowace murya mazauninsu don kada wani ya danne wani. Sannan akwai tacewar ƙarshe, wadda 'yan situdiyo ke kira mastarin. A zamanin faifai wannan sana'a ce mai zaman kanta, domin mai yanka uwar faifai ya san idan ya bar amon ƙasa ya yi yawa allura za ta yi tsalle ta bar layi. Amfaninta har gobe shi ne a sami kunne na biyu, wanda bai kwana da waƙar ba, ya saurare ta a wani ɗaki da wasu lasifikoki, ya tabbatar za ta yi daɗi a mota da waya da babban zaure. A wurinmu galibi mutumin da ya buga kiɗan shi ne ya ɗauki muryar, shi ya haɗa, shi ya tace, a ɗaki ɗaya, a dare ɗaya, da kunnen da ya riga ya gaji, ga wani mawaƙin zaune a benci yana jiran layi.

Abin da aka fi nema a wannan mataki kuma shi ne ƙara. Kowa na so waƙarsa ta fi ta maƙwabcinsa tashi idan an kunna su a jere, sai a matse sautin har wurin da aka yi raɗa da wurin da aka yi kururuwa su zama tsayi ɗaya. Kiɗan fiyano yana jure wannan matsi, tunda dama a daidaice ya fito daga na'ura. Kalangu ba ya jurewa. Rayuwarsa tana cikin tazarar da ke tsakanin bugu mai taushi da mai ƙarfi, da yadda amo ke hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsirkiya a hammata ya saki. Idan aka baje wannan tazara, an mayar da mai magana bebe, kamar tuwon da aka danne da faranti har ya rasa malmala.

Mai tacewar yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ya san inda waƙar za ta je. Za a mayar da ita MP3, wanda ke rage nauyin fayil zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma, ta faɗa hannun 'yan dawunlodin su zuba ta a memori, a tura ta daga waya zuwa waya, ta ƙare a 'yar lasifikar wayar da ba ta iya fitar da amon ƙasa ko kaɗan, ko a cikin adaidaita sahu tana kokawa da ƙarar inji. Don haka yake tura murya gaba, ya kaifafa sautin sama. Sai dai yanzu da waƙa ta koma YouTube da Spotify, lissafin ya canja, domin waɗannan dandamali da kansu suke rage ƙarar duk waƙar da ta cika tashi su daidaita ta da sauran. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ƙara ya rasa fifikon, ya kuma riga ya rasa numfashin. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020 irin nisan da waƙar Hausa ke iya zuwa ta intanet, kuma masu saurarenta a can da yawa da abin sauraro mai kyau a kunnuwansu suke ji.

A dandalin biki ne asarar ta fi fitowa fili. Mawaƙi ya iso da filashi a aljihu, ya miƙa wa DJ, a saki waƙar da muryarsa a ciki, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin ta, wani wurin ya rera, wani wurin ya yi mamin. Jama'a na murna, liƙi na zuba, ba wanda aka cuta. Amma a lura da abin da ke faruwa idan wani babban baƙo ya shigo ana tsakiyar waƙa. A da, jagora zai hango shi tun daga ƙofa, ya saƙa sunansa da na kakanninsa a cikin ɗan waƙar da yake kai, makaɗa su ba shi fili, 'yan amshi su rufe, kamar dama da shi aka tsara ta. Yanzu sai mawaƙi ya ɗaga wa DJ hannu a tsayar da kiɗa, ya yi kirarin a bushe, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Waƙar ba ta iya juyowa ta dubi wanda ya shigo.

Akwai wani labari da ke nuna cewa ba dole ne abin ya tafi haka ba. A 2008 wani matashi Ba'abzine daga yankin Abalak a Nijar, wanda ya fara koyon kiɗa da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a irin wannan situdiyo namu, da bugun na'ura da Auto-Tune. Sunansa Mdou Moctar. Waƙoƙin suka bi memori da Bluetooth suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin mutane ya sa ɗaya a cikin tarin da ya fitar a ƙarƙashin Sahel Sounds. Hanya ɗaya ce da ta mawaƙan Kano har zuwa nan. Bambancin shi ne Mdou ya koma gida ya ci gaba da kaɗa jita a bukukuwan aure, da mai ganga da mai jita ta biyu a bayansa. Lokacin da duniya ta neme shi, ta tarar da ƙungiya a tsaye, wadda ta kai ga fitar da kundin Afrique Victime a kamfanin Matador a 2021.

Ba shi kaɗai ba ne. A Agadas, biki ba ya cika sai an shimfiɗa tabarmi a fili, an tayar da janareto, an jona jita a amfilifaya mai ƙura. Etran de l'Aïr, 'yan'uwa ne na jini, tun 1995 suke wannan aiki daga unguwa zuwa unguwa kafin wani ya zo ya ɗauke su a faifai. Bombino daga wannan fili ya fito har kundinsa Deran ya shiga takarar Grammy a 2019. A Yamai kuwa akwai Tal National, wadda Almeida, alƙali kuma makaɗin jita, ya kafa a 2000. An san su da yin wasa dare biyar a mako, sa'o'i biyar a tsaye, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Abzinawa, suna sayar da faifansu da kansu a shataletalen birni. Da suka tashi ɗaukar kundinsu Kaani, injiniya suka ɗauko daga Shikago, Jamie Carter, ya zo Yamai da kayan aikinsa ya same su. Abin da ya ɗauka abu ne da aka riga aka gasa a gaban masu rawa dare bayan dare. Hukuma ma ta sa hannu a can: gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai sun ba matasa dalilin haɗa ƙungiya da wurin yin atisaye, kuma a wannan cibiya ce ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta ginu.

Nijar ba ta fi Kano kuɗi ba, ba ta fi ta kayan aiki ba, ba ta fi ta masu murya ba. Abin da take da shi shi ne wurin da ake biyan mutum biyar su kaɗa da hannu a kai a kai. A wajenmu wannan wuri ne ya tsuke. Mai biki ya lissafa kuɗin mota da abinci da sallamar mutum takwas, ya dubi na DJ ɗaya, ya zaɓi mai sauƙi. Gidajen silima da a da ake haɗa wasa a cikinsu yawanci sun rufe. Harin 20 ga Janairun 2012 a Kano da dokar hana fita da ta biyo baya sun koya wa mutane komawa gida da wuri na tsawon lokaci. Siyasa, wadda ita ce ta fi kowa biyan mawaƙi a yau, waƙar da za a gama cikin kwana biyu a ɗora a kan motar kamfe take so. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai mai hankali ne a karan kansa, amma da suka taru sai suka rufe makarantar da ke fitar da makaɗa, ba tare da wani ya yanke shawarar rufe ta ba.

Duk da haka makaɗan ba su ƙare ba. Zuriyar Ɗanƙwairo na nan da kotsonsu ana kiransu wurin naɗin sarauta. Masu amada na nan da ƙwaryarsu a bukukuwan mata, bayan Barmani Choge ta rasu a 2013. A gidan dambe na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, da yamma masu kalangu na kiɗa da hannu, suna canja take da zarar wani ɗan dambe ya shigo fili, suna yin daidai abin da waƙar filashi ta kasa. Tsakaninsu da situdiyoyin titin Gidan Zu tafiyar adaidaita sahu ce, amma da wuya su haɗu, in kuwa an kira mai kalangu, yawanci bugu kaɗan ake ɗauka a yanka a riƙa maimaitawa da kwamfuta.

Abin da za a nema ba shi da yawa, amma ba a samunsa da gaggawa. Ana bukatar ɗakin da zai ɗauki mutum shida su zauna suna ganin idon juna, da injiniyan da ya san inda ake kafa makirfo don a kama fatar kalangu ta gaba ba tare da an rasa amon ta baya ba, da mawaƙin da zai yarda ya yi mako biyu yana atisaye da makaɗa kafin a danna maɓallin ɗauka, ya kuma yarda ya raba liƙin da su idan an je fili. Na ƙarshen nan ne mai wuya, domin mawaƙin da ya saba tafiya biki shi da filashinsa sai ya amince abin da yake komawa gida da shi ya ragu kafin ƙungiya ta tsaya da ƙafarta.